Kyandir da fitilar ƙwai a gidan da ke kan ruwa

A Ingila akwai dubban mutane da jirgin ruwa ne gidansu. Jiragen dogaye ne sirara, faɗinsu mita biyu da 'yan kai, suna kan hanyoyin ruwan da aka haƙa tun ƙarni na 18 don jigilar kaya. Hukumar Canal & River Trust, wadda aka kafa a 2012, ita ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin. Wasu mazauna jiragen kan kunna kyandir ko fitilar ƙwai da dare.

Me zai sa mutumin Ingila ya koma wa kyandir?

Mai jirgin da ba shi da matsaya ta dindindin dole ya matsa gaba duk bayan kwana 14, saboda haka babu wayar lantarki da za ta bi shi. Batir ne dogaronsa, sola ko injin jirgi ke cika shi. To, a watan Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, sola ba ta kawo abin kirki, kuma ƙa'ida ta hana tayar da inji a tsaye daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Sai mutum ya tattala batir saboda famfon ruwa da firiji. Wasu kuma son hasken kyandir suke yi kawai, don ƙwan LED ba ya cin wuta sosai.

Hasken yana wadatarwa?

Ya isa cin abinci da hira. Kyandir ɗaya kan ba da haske kimanin lumen 12 (lumen ma'aunin haske ne), alhali ƙwan ɗaki na yau da kullum yana ba da wajen 800. Mai karatu ko ɗinki ya kunna lantarki, kada ya wahalar da idonsa.

Kyandir ko fitila, wanne ya fi?

Ni dai fitilar ƙwai zan zaɓa. Jirgi ba ya zama cak: wani jirgin ya wuce, ko baƙo ya tako daga gaɓa, sai ɗakin ya girgiza, kyandir tsirara ya kife. Shi ya sa masu jirgi ke da fitilun tagulla da ake kafewa a bango a kan zobe mai lilo, jirgi ya karkata amma fitila na miƙe. Silin ma ƙasa-ƙasa yake, na katako, don haka akan sa ɗan faifan ƙarfe a saman fitilar ya tare zafi. In kyandir ne, a zaunar da shi cikin kwalba mai nauyi, nesa da labule.

Gobara ce babban haɗarin?

Tana ciki, amma abin da ya fi damuna iska ce. Ɗakin ƙarami ne, ga sanyi, ga sha'awar toshe kowace kafa. Harshen wuta yana cinye iskar shaƙa, kuma idan bai samu isasshiya ba yana fitar da kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba zai ma sani ba. Tun watan Afrilun 2019 tsarin duba lafiyar jiragen ruwa mai suna Boat Safety Scheme ya wajabta na'urar gargaɗin wannan iska a jiragen da ke da ɗakin zama. Kada a toshe kafofin iska komai sanyi, kuma a kashe kowace wuta kafin a kwanta.

Sai gas ɗin girki. Ya fi iska nauyi, in ya yoyo ba ya da hanyar fita daga cikin jirgi, sai ya kwanta a ƙasa ya taru. Wanda ya ji warinsa kada ya ƙyasta ashana.

Me ya sa tagogi ke yin raɓa?

Kowace lita ta kananzir da ta ƙone tana sakin kusan litar ruwa a matsayin tururi. A jirgin ƙarfe mai sanyi, tururin kan sauka a taga da bango, ya jawo danshi da fumfuna.

Yaya ake kula da fitilar?

A datse bakin lagwani ya daidaita, a rage shi har hayaƙi ya ɗauke, a goge ƙwan kullum. Mai kuwa tsabtataccen kananzir kawai, ban da fetur ko digo ɗaya. Mun sha ganin abin da gurɓataccen kananzir ya yi wa iyalai a Najeriya. A zuba wa fitilar mai a waje, bayan ta huce.