Me ake nufi da "hanyar hanci zuwa ƙwaƙwalwa"?

Ƙanwata da ke karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta ambaci kalmar nan muna cin tuwo. Inna ta ɗago kai ta ce, "Ashe hayaƙin da ake yi wa mai ciwon kai ya kai jami'a?" Aka yi dariya, amma maganar Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Ƙwaƙwalwa tana da katanga. Jijiyoyin jinin da ke cikinta a matse suke ƙam, yawancin magungunan da aka haɗiya ko aka yi allurarsu ba sa ƙetarawa. Amma can ƙuryar hanci akwai wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya, ta nan jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa su shiga ƙwaƙwalwa. Tun 1989 wani masani a Amurka, William Frey, ya nemi rajistar dabarar aika magani ta wannan ƙofa.

To, ta yaya za a san maganin ya isa? Sai a bi sawunsa a jikin ɓeran gwaji. A haɗa shi da rini mai ƙyalli, ko sinadari mai fitar da tururin da na'ura ke ganowa. A sa wa ɓeran maganin barci, a kwantar da shi rigingine, a ɗiga ɗan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba a ƙofar hanci ɗaya, a jira ya shaƙe, sannan a koma ɗayar. Bayan wani lokaci a yanka ƙwaƙwalwar falle-falle, a duba inda ƙyallin ya tsaya.

Nan ne ake gane mai aikin ƙwarai. Hanci cike yake da jijiyoyin jini, don haka wani kaso na maganin yakan shiga jini, wani kaso kuma yakan gangara maƙogwaro. Idan ba a wanke jinin ɓeran da ruwan gishiri kafin yanka ba, ƙyallin da ke cikin jini sai a ɗauka ya shiga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake ware wasu ɓeraye a yi musu allura ta jijiya, don kwatance.

Ni dai ina taka-tsantsan da labaran "an gano magani". Wajen rabin cikin hancin ɓera na jin ƙamshi ne. Na mutum bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma yana can sama inda feshi ba ya isa da sauƙi, balle hancin da ƙurar hunturu ta toshe.