Wa ke da tsibiri in ƙasa biyu sunka yi gardama?

Jama'a, mu da ke Kamba da Dole Kaina da Lolo, rabin danginmu na Gaya ko Malanbil, ya kamata mu san dokar da ake bi in ƙasashe sunka yi rigima kan iyaka, don da yawa na zaton wanda kakanninshi sunka fara zama wuri shi ke da wurin. Wallahi kotu ba haka take duba abin ba.

Ƙa'idar ita ce layin da Turawan mulkin mallaka sunka bari ranar samun 'yanci shi ne iyaka. Shugabannin Afirka da kansu sunka yarda da haka a Alƙahira a 1964, don sun san in anka ce kowa ya bi tarihin daularshi to yaƙi ba ranar ƙarewa.

Abu na farko da Kotun Duniya ta Heg ke tambaya shi ne takarda. Bakassi, yankin bakin teku da Najeriya da Kamaru sunka yi rigima a kai, 'yan Najeriya ne cike da ita, masunta, ga kifi ga maganar mai, amma a 2002 kotu ta ɗauko yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 ta ce ta Kamaru ce, a 2008 anka gama miƙa ta. Abin akwai ciwo sosai.

In babu takarda tsayayya fa? Sai a duba wa ke mulkin wurin a aikace, wa ke karɓar haraji, wa ke shari'a. Haka anka yi nan kusa da mu, shari'ar Nijar da Benin kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, wurin kiwo da noma da anka daɗe ana faɗa a kanshi. A 2005 kotu ta ga tun 1914 jami'an Faransa na Gaya ke kula da Lete, sai ta ce iyaka ta bi inda Kwara ta fi zurfi, hanyar jirgi, yadda take a 1960. Cikin tsibirai 25 da ke kogin tsakanin ƙasashen biyu, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin 9.

Amma fa hukuncin na mallakar ƙasa ne, ba ya nufin a kori talaka. Ko Bakassi, yarjejeniyar da Najeriya da Kamaru sunka yi a 2006 ta ce ba a tilasta ma kowa tashi ko canza ƙasa. Kuma in rigimar gona ko ruwa ta taso bakin boda, don Allah kar kowa ya taɓa dutsen iyaka, a kai wa hakimi da ƙaramar hukuma, su isar wa Hukumar Iyakoki ta Ƙasa.