Jinyar ido bayan aikin leza

Jinyar ido bayan aikin leza ita ce kulawar da mutum ke ba idonshi, da wadda likita ke ba shi, tun daga sa'ar da ya sauko daga gadon tiyata har ranar da gani ya zauna daram, abin da kan ci wata 3 zuwa 6, wani ma har shekara. Aikin da ake nufi a nan shi ne na gyaran gani, wanda ake yi don mutum ya rabu da gilashi, wato LASIK da PRK da SMILE. Shi aikin kanshi bai cika wuce minti 30 ba duka ido biyu, hasken lezar ma sau da yawa ko minti ɗaya bai kai ba a kan ido. Doguwar tafiyar tana bayan an gama, musamman ga mutumin Sakkwato da zai koma cikin ƙura da zafin rana, kuma galibi nesa da likitan da ya yi mishi aikin.

Abin da ake taɓawa

Koniya ita ce tantanin nan garai-garai da ke gaban baƙin ido, kamar gilashin da ya rufe fuskar agogo. Kaurinta a tsakiya kusan rabin milimita ne, amma ita ke yin wajen kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido, shi ya sa in anka goge ta kaɗan sai gani ya canza. A LASIK ana yanka wani siririn murfi a samanta, a ɗaga shi, a goge ƙasan da leza, a mayar da shi ba ɗinki. A PRK babu murfi, fatar saman ake kankarewa a bar ta ta sake tsirowa da kanta. A SMILE kuma cikin koniyar ake yanke wani ɗan faifai a zaro shi ta wata 'yar kafa da ba ta wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Duk bambancin jinyar daga nan ya taso.

Tarihi

Kafin leza wuƙa ce. Tun wajen ƙarshen shekarun 1930 wani likitan Japan, Tsutomu Sato, ya fara tsattsaga koniya don ya canza lanƙwasarta, har ta ciki yake tsagawa, a lokacin ba a san muhimmancin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bayan koniya ba. Mutane sun ga sauƙi da farko, sai bayan shekaru koniyar da yawa daga cikinsu ta kumbura ta yi fari. Wanga shi ne darasin farko da fannin ya samu, cewa idon da ke gani tar a watan farko ba a gama sanin labarinshi ba.

A Bogota ta ƙasar Kolombiya, José Barraquer ya kwashe shekarun 1950 zuwa 1960 yana gwada wata hanya mai ban tsoro in ka ji ta yau: a yanko yankin koniya, a daskarar da shi, a feƙe shi da inji, a mayar a ɗinke. Jinyar tana cin watanni kuma sakamakon bai da tabbas, amma tunanin LASIK daga wurinshi ya samo asali. A shekarun 1970 Svyatoslav Fyodorov na Tarayyar Sobiyet ya yaɗa tsagar da ake jerawa a kewayen koniya ta waje, aikin ya bazu har Amurka. Masu wagga tsaga sun sha fama da gani mai canzawa tsakanin safe da yamma, kuma wani bincike da ya bi su shekara 10, wanda ya fito a 1994, ya nuna kashi 43 cikin 100 na idanun sun ci gaba da zamewa zuwa wahalar ganin kusa.

Ita lezar da ake gogewa da ita, mai suna eksaima, ba don ido anka ƙera ta ba. A ɗakin binciken kamfanin IBM a Amurka, a 1981, Rangaswamy Srinivasan da Samuel Blum da James Wynne sunka gwada ta a kan ragowar naman talotalo, sunka ga tana cire nama daidai wa daida ba ta ƙona na gefe. A 1983 likitan ido Stephen Trokel ya wallafa gwajinta a kan koniya. Theo Seiler a Balin ta Jamus ya yi aiki da ita a idon mutum wajen tsakiyar shekarun 1980, sannan Marguerite McDonald a Amurka ake danganta wa PRK na farko a ido mai gani, wajen 1988. Waɗanda anka yi wa PRK a farko sun ɗanɗana kuɗarsu, zafi na kwanaki da ido a naɗe, sannan wani hazo da kan fito a koniya bayan watanni. Neman sauƙin jinya ne ya sa LASIK ya yi kasuwa, bayan Ioannis Pallikaris na tsibirin Kirit a Girka ya haɗa murfi da leza wajen 1989 zuwa 1990, tunda mutum na iya gani da kyau washegari. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta amince da lezar PRK a 1995, ta LASIK a ƙarshen shekarun 1990, SMILE kuma a 2016. Lezar da ke yanka murfi ba wuƙa ta shigo wajen 2001, kuma tana tsaye ne a kan aikin Gérard Mourou da Donna Strickland na 1985, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2018.

Ranar farko da makon farko

Maganin kashe zafi da anka ɗiga yana sakin ido cikin ƙasa da awa ɗaya, daga nan sai raɗaɗi da hawaye da jin kamar tsakuwa ta faɗa, haske kuma ya zama abokin gaba. Ga mai LASIK ko SMILE wanga yakan lafa cikin awa 4 zuwa 6, shi ya sa ake cewa mutum ya je ya kwanta ya rufe ido kawai. Gani yakan yi dishi-dishi ranar nan, washegari ya washe. Mai PRK kuwa sai ya yi haƙuri, ana manna mishi wani lens mai laushi, wato siririn faifan roba da ake ɗorawa kan baƙin ido, ya zama bandeji, zafin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, fatar ta rufe cikin kwana 3 zuwa 5 a cire lens ɗin, amma gani kan ɗauki makonni kafin ya daidaita kuma mutane da yawa hankalinsu na tashi a nan suna zaton aikin ya lalace alhali haka tafiyar take.

Magungunan ɗigawa iri uku ne galibi: na kashe ƙwayoyin cuta na kamar mako ɗaya, na hana kumburi wato sitiroyid, da ɗigon hawaye na jiƙa ido. Ana wanke hannu, a ja fatar ƙasan ido a ɗiga ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa gashin ido ba, a bar minti 5 tsakanin wani da wani don kar na biyu ya wanke na farko. Da dare ana ɗaura murfin roba da filasta don kar hannu ya kai cikin barci. Murza ido shi ne babban abin da ake tsoro ga mai LASIK, don murfin zai iya gocewa ko ya yamutse, in hakan ta faru gani ya dushe nan take kuma sai an koma ɗakin tiyata an gyara.

Ana ganin likita washegari, sannan bayan mako, wata ɗaya, wata uku. Tuƙi sai likita ya ce. Kwalli da hoda a bakin ido ana ajiye su mako ɗaya zuwa biyu, iyo a gulbi ko kududdufi kuma ya fi haka daɗewa.

Bushewar ido

Ita ce ƙorafin da ya fi yawa. Koniya cike take da jijiyoyi masu sanar da ƙwaƙwalwa cewa ido na son hawaye, aikin kuma yana yanke su, LASIK ya fi yankewa. Sai ido ya bushe, ya yi yaji, gani ya riƙa dushewa yana dawowa in an ƙifta. Jijiyoyin na sake tsirowa a hankali, yawancin mutane na samun sauƙi cikin wata 6 zuwa 12, kaɗan kuma abin ya zauna musu. Binciken da FDA ta jagoranta mai suna PROWL, wanda ya fito a 2017, ya samu cewa cikin waɗanda ba su da bushewar ido kafin LASIK har kashi 28 cikin 100 sun ce sun same ta bayan wata 3, kuma cikin waɗanda ba su da wata damuwar gani a da, har kashi 46 sun fara ganin abubuwa irin su zobe kewaye da fitila da dare. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu ba su kai kashi 1 ba.

A Sakkwato

Takardar jinyar da ake ba mutum a Legas ko Alƙahira ko Indiya ba ta san hunturun Sakkwato ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska busasshiya ce mai ɗauke da ƙura, daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, duka biyun suna ƙafar da hawaye da sauri. Wanda ya hau kabu-kabu ido buɗe a makon farko ya haɗa wa kanshi iska da ƙura lokaci guda, dole sai da tabarau mai faɗi da ke rufe gefe. Fanka da ke hurowa fuska kai tsaye duk dare, iskar esi ta mota, hayaƙin icce a madafa, turaren wuta a ɗaki rufe, da daɗewa ana kallon waya ba a ƙiftawa, duk suna ƙara bushewar. Ga mai PRK baƙin tabarau ya zama wajibi na watanni, don rana mai ƙarfi na ƙara haɗarin hazon koniya.

Akwai kuma ƙaiƙayin ido na yara da matasa da ya yi yawa a arewa, mai sa ido ya yi ja-ja ƙasa-ƙasa. Wanda ya tashi da shi hannunshi ya saba da murza tun yana ƙarami, kuma yawan murza na da alaƙa da sirancewar koniya, don haka ya kamata likita ya ji wanga labari kafin aiki ba bayan shi ba. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne sayen ɗigon sitiroyid a kemis a ci gaba da sawa don yana kwantar da ja, wallahi yana iya ɗaga matsin ido a ɓoye har ya ci jijiyar gani mutum bai sani ba. Zuma, nonon uwa, ruwan ganye, babu wanda ke shiga idon da anka yi wa aiki.

Wajen alwala, abin da ake gudu shi ne ruwa ya shiga cikin ido a makon farko, mutane kan rufe ido su wanke fuska a hankali ba dirzawa. Mai taimama ya kula da ƙasar da ke hannunshi, dutse mai tsabta ya fi mishi. Kan ɗigo da azumi malamai sun saɓa, a mazhabar Malikiyya ana duba ko ya kai maƙogwaro, wasu malaman zamani kuma sun ce bai karyawa. Danne lungun ido na wajen hanci na minti ɗaya bayan ɗigawa yana rage gangarawarshi.

Alamun da ba a jira

Zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, gani da ya faɗi bayan ya gyaru, ruwan ƙwantsa mai kauri, farin tabo a kan baƙin ido, ko bugu a ido. Shigar ƙwayar cuta ba ta da yawa amma tana iya ɓata koniya cikin kwanaki, don haka wanda ya dawo gida ba zai zauna jiran amsar WhatsApp daga likitan waje ba, sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Asibitin Ƙwararru zai nufa a ranar, in ta kama a tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Bayan shekaru

Leza ba ta hana tsufan ido. Daga shekara 40 zuwa sama gilashin karatu na zuwa ko an yi aiki ko ba a yi ba, wasu kuma ganin kan ɗan koma baya har a sake taɓawa. Takardun awon da anka yi kafin aiki abin adanawa ne sosai, don koniyar da anka sirantar tana sa na'urar awon matsin ido ta nuna ƙasa da gaskiya, ga shi hawan jinin ido ya yi yawa a Afirka ta Yamma, sannan ranar da za a cire yanar ido lissafin lens ɗin da za a sa yana rikicewa in likita bai san an taɓa koniyar ba.

Saɓani

Yawancin bincike na nuna sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda anka yi wa LASIK sun gamsu. Wasu majinyata da wani tsohon jami'in FDA, Morris Waxler, sun ce ana raina illolin. A 2022 hukumar ta fitar da daftarin ƙarin gargaɗi da za a riƙa ba mutum kafin aiki.

Sauran ayyukan leza

Wanda ake yi don share dishin da ke biyo bayan aikin yanar ido, da na masu ciwon suga a bayan ido, da na hawan jinin ido, duk ana ce musu leza amma ba su taɓa koniya, kuma jinyarsu daban ce.