Waiwaye: Tun ranar da aka ture rikoda gefe a situdiyo

Duk wanda ke zama a majalisun shan shayin ataya na Aboabo ko Sabon Zango, a Kumasi ta ƙasar Ghana, a watannin nan ya san gardamar da ake tafkawa. Shirye-shiryen tsofaffin waƙoƙi da muka saba ji a rediyo ranar Lahadi bayan La'asar sun koma sha ɗayan dare, wasu ma an share su ƙaf, kuma muryoyin da muka tashi da su a kunne suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya koma sanƙiran biki, wancan yana yi wa alhazai tafinta lokacin aikin Hajji, wani yana karanta tallar maganin basir, wani kuma an ce yana tuƙin tasi a Amurka. Dattawa sun ce yaran yanzu ne ba su da kunne. Samari sun ce rediyo kasuwa ce, abin da ba ya kawo kuɗi dole ya matsa. Masu son raba gardama sai su ɗora wa wayar hannu laifin, kowa ya huta. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake maganar kamar bara abin ya auku. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya haura shekara ashirin da farawa.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. A 1935 aka buɗe tashar ZOY a Akra, zamanin Gwamna Arnold Hodson, ana kai wa 'yan ɗaruruwan gidaje shirye-shiryen BBC ta waya. Lokacin yaƙin duniya na biyu harsunan gida suka shiga, har da Hausa, kuma bayan samun 'yanci Hausa ta zauna cikin harsuna shida da gidan rediyon ƙasa ke magana da su. Iyayenmu kuma ba su tsaya nan ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, ga Kaduna tana shigowa ta gajeren zango in an iya murɗa akwatin da dare. A wancan zamani mai gabatar da shiri ma'aikacin gwamnati ne, da albashinsa da fanshonsa, kuma bayansa akwai ɗakin faifai da ma'aikacin da ke kula da shi. Ka rubuta abin da kake so, a ɗauko maka, ka gama ka mayar.

Sai shekarun 1980 suka zo da dokar hana fitar dare, wadda ta daɗe har ta kashe gidajen rawa, ga fari da yunwar 1983. Makaɗan hailaif, wato kiɗan rawa na Ghana, da yawa suka watse, wasu Legas, wasu Hambog ta Jamus. Faifan garmaho ya mutu, kaset ya gaje shi. Mu a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi, kaset alheri ya zame mana. Fataken goro da dillalan shanu da direbobin manyan motoci suna dawowa daga Kano da Sakkwato da Yamai da kaset a aljihu, a kwafa a kasuwar Kejetia, kafin mako ya zagayo ya shiga kowane lungu. Tsarin mulkin 1992 ya buɗe ƙofar kafofin yaɗa labarai masu zaman kansu. Radio Eye ta gwada a 1994 ba ta daɗe ba, Joy FM ta fara a 1995, aka kafa hukumar sadarwa ta ƙasa a 1996, daga nan tashoshin FM suka yi ta tsiro kamar naman kaza a Akra da Kumasi. Kafin ƙarshen shekarun 1990 sai ga tashoshin da ke yin yini guda da Tonanci, wato harshen Twi na mutanen Asante, masu Hausa ma suka samu nasu sa'o'in, daga baya har tashoshi sukutum.

Akwai abin da masu gardamar yau suka manta game da wannan lokaci. Sababbin tashoshin nan sun zo da na'urar watsawa da makirfo, amma ba su zo da ɗakin faifai ba. Wanda ke son shirin tsofaffin waƙoƙi dole ya nemo mutumin da ke da su a gidansa. Haka wata tasha ta ɗauki kawuna aiki, tela ne a unguwar Alabar, bai taɓa karatun aikin jarida ba. Jarinsa adaka biyu ce cike da kaset, da kuma abin da ke kansa. Ire-irensa suna da yawa a garin nan, masu Hausa da masu Tonanci, kuma ba a taɓa damawa da su kamar a waɗannan shekaru ba. E.T. Mensah, fitaccen makaɗin hailaif, ya rasu a 1996, Mamman Shata a 1999, mutane suna cikin begen abin da ya wuce, ga layin waya an buɗe a situdiyo.

Ni ne ɗan ɗaukar jaka. Daren Asabar kawu zai baje kaset a tabarma, ya sa kowanne a rikoda, ya nemo daidai bakin waƙar da yake so, ya cire, ya ƙarasa juyawa da biro don kada a ji ko numfashin waƙar da ta gabata. Ya jera su bi da bi a jaka. Kowane kaset da rubutun ajami a bayansa: wane ne mawaƙin, wa aka yi wa waƙar, a gidan wa aka ɗauka, wa ya kawo shi Kumasi. A situdiyo rikoda biyu ce, ɗaya na juyi yana cusa wa ɗayar na gaba. Kafin ya saki waƙa sai ya ba da labarinta, wani lokaci labarin ya fi waƙar tsawo, kuma saboda labarin ake kiran waya. Akwai katin gaisuwa da ake sayarwa a kantunan unguwa, mai so ya saya ya rubuta sunayen waɗanda zai gaisar, kawu yana da kasonsa a kowane kati. Da wannan kason ya yi wa 'ya'yansa biyu makaranta.

A farkon shekarun 2000 kwamfuta ta shiga situdiyo. Ba wanda ya yi kuka, kuma babu dalilin kuka. Ta kawar da sautin shuuu na kaset, ta kawar da fargabar rikoda ta cinye zare ana tsakiyar shiri, mutum ɗaya yana iya riƙe tasha duk dare. Ba a yi taro an yanke cewa a kashe tsofaffin waƙoƙi ba. Magana ɗaya aka yi, mai kama da gaskiya: duk abin da za a sa a iska a zuba shi cikin kwamfuta tukuna.

A nan gizo ke saƙar. Faifan CD cikin 'yan mintoci kwamfuta ke kwashe shi, waƙa-waƙa, kowace a rabe. Kaset kuwa ba ya karɓar gaggawa. Mai minti casa'in sai ka zauna masa minti casa'in cur, yana juyawa kana saurare, sannan ka dawo ka yayyanka, ka rage ƙara, ka sa wa kowace waƙa suna. Kaset ɗari uku aikin watanni ne, kuma babu wanda aka ware wa ko sidi ɗaya na kuɗin Ghana don ya yi shi. Yaron da ke kula da kwamfutar yana da tallace-tallace da zai haɗa kafin safiya. Saboda haka abin da ya shiga shi ne abin da ya riga ya fito a CD. Manyan sunayen hailaif sun tsira, domin an sake buga su a Akra da Turai. Na Hausa kaɗan ne suka samu wannan gata, su ma fitattun fitattu. Abin da ya fi ciwo shi ne namu na gida: kiɗan goge da kalangu da aka ɗauka a bikin wance a Yalwa, waƙoƙin matan zango na daren lalle, begen da aka rera a Mauludin wata shekara, mawaƙin da ya zo daga arewa ya kwana uku a gidan maigida aka kunna masa rikoda. Waɗannan ba su taɓa ganin situdiyo ba balle CD. Kwafinsu ɗaya ne ko biyu a duniya, kuma a adakar wani tela suke.

Ko waɗanda suka samu shiga, tsirara suka shiga. Rubutun ajamin yana jikin kwalin kaset, kwamfuta ba ta ɗauke shi ba. A allo sai ka ga lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, ko kuma a rubuta "tsohuwar Hausa" kawai. Daga ranar waƙa ta rabu da labarinta. Kuma tunda kowa na iya danna lamba uku, me ya rage da za a biya kawu dominsa?

Rikodar ba a fitar da ita rana ɗaya ba. An ture ta ƙarshen tebur, aka ɗora mata fayil. Kawu ya ci gaba da zuwa da jakarsa kusan shekara biyu, yana roƙo a jona masa. Wata Lahadi robar cikinta ta tsinke. Aka ce za a gyara. Na tuna muna saukowa daga bene ya tsaya ya ce mini, "Ɗan nan, riƙe jakar da kyau, yau ba ta yi aiki ba amma nauyinta na nan." Na ce, "Kawu, ai mako mai zuwa za su gyara." Bai amsa ba. Sati na gaba ya yi shirinsa da waƙoƙi talatin da wani abu da ke cikin kwamfutar, haka na bayansa, haka na bayan wancan. Masu sauraro ba wawaye ba ne. Cikin 'yan watanni aka fara cewa shirin ya zama maimaici, kira ya ragu. Katin gaisuwa ma saƙon tes ya kashe shi, kuɗin ya daina bi ta hannun mai gabatarwa.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda kowa ke gani yake ɗauka shi ne sanadi. Tashoshi sun yi yawa, talla ba ta ƙaru daidai da su ba, aka koma sayar da sa'a. Mai wa'azi ya saya, mai maganin gargajiya ya saya, lokacin zaɓe 'yan muhawarar siyasa su cika safiya. Aka ce wa mai shiri ya nemo mai ɗaukar nauyi, ya ci kamasho. Sabuwar waƙa tana da mai ita a raye, yana zarya yana neman a sa masa. Mawaƙin da ya shekara ashirin a kabari ba shi da mai yi masa wannan zaryar. To amma a lura da jerin abin: lokacin da aka zo auna shirin tsofaffin waƙoƙi da sikelin kuɗi, an riga an zare masa laka. Shirin da aka auna ba shi ne wanda ake rufe shago a saurara ba. Da ya iso wannan kasuwa da ƙarfinsa, da mai shagon atamfa ko mai kamfanin tafiye-tafiye ya ɗauki nauyinsa da gudu, domin masu sauraronsa su ne masu aurar da 'ya'ya da biyan kujerar Makka.

Sauya sana'ar ma daga nan ta samo hanya. Mutumin da ya san asalin kowane gida a zango, ya san kirarin kakan ango, ya iya riƙe taro da baki, ina za a fi bukatarsa in ba wajen biki da suna ba? Can ake biyansa a take, har da liƙi. Masu zaƙin murya suka koma karanta talla. Waɗanda suka iya Larabci da Turanci suka bi harkar alhazai. Ƙalilan suka koma shirin siyasa, inda kuɗin yake, kuma in ka ji su yanzu suna daka tsawa ba za ka ce su ne masu lallausan harshen nan na yammacin Lahadi ba. Kawu dai keken ɗinkinsa ya koma wa. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ciki ba ya jiran tarihi.

Wani zai ce ai an yi aikin ceto. An yi, kuma ya cancanci yabo. Ɗakin garmaho na gidan rediyon ƙasa a Akra, mai dubban faya-fayai, an shiga kwashe shi zuwa kwamfuta da tallafin Jamus wajen ƙarshen shekarun 2000. Akwai kuma taskar tsofaffin waƙoƙi ta Bokoor da Farfesa John Collins ya kafa, wadda ambaliyar 2011 ta yi wa ɓarna, abin da ya nuna ko wurin da ke da mai kula ba shi da tabbas. Sai dai irin wannan aiki yana zuwa ne inda akwai rajista da kanta da adireshi. Adakar da ke ƙarƙashin gado a Asawase ba ta cikin lissafin kowa. Ga danshin Kumasi, wanda ba ya raga wa zaren kaset: damina biyu uku ba a juya shi ba sai fumfuna ta kama, ya manne. In mai shi ya rasu, magada su buɗe su ga tarkace.

Shi ya sa nake jin nauyin zargin da ake yi wa samari. Ku je biki ku ga wa ke tashi in an saki tsohon kiɗa. Ku duba yadda guntun tsohuwar waƙa ke yawo a WhatsApp da TikTok, yara suna tambaya a ƙasa wane ne wannan, ba mai amsawa. Wayar da ake zagi ta zo ne ta tarar da ɗakin a share. Wasu daga tsofaffin masu shirin ma ta wayar suka dawo, suna yi kai tsaye a Facebook daga falonsu, 'yan zango na Landan da Jamus suna aiko gaisuwa. Amma ka saurara da kyau, yawancinsu waƙoƙi talatin ɗin nan dai suke juyawa.

Bayan sallar da ta wuce na je gaida kawu. Idonsa ya yi rauni, ya bar ɗinki. Adaka ɗaya ta rage, ɗayar ruwa ya shiga ɗakin wata shekara. Jikansa ya samo tsohuwar rikoda wajen wani mai gyara, ya kara waya a bakin lasifika, suna ɗauka ɗaya-ɗaya, kawu yana faɗin labarin kafin kowace waƙa, yaron yana karanto masa ajamin da kyar. Sun yi goma sha huɗu tun azumi. Ina zaune na sha biyar ya tsinke. Kawu ya ce a miƙo masa reza da man farcen jikanyarsa, ya laluba bakin zaren biyu da yatsa, ya haɗa, ya hura masa iska. Ya ce, "Ɗan nan, ba ni biro."