Ba Kowace Bindigar Toka Ce Aikin Maƙeran Gida Ba

A Agege ko Idi-Araba, in aka fito da tsohuwar bindigar toka ta gado, sai ka ji an ce ai maƙeran kakanninmu ne suka ƙera ta. Wani lokaci haka ne, amma da yawa ta teku suka iso, daga Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam, aka yi musayarsu da manja a gaɓar Legas. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a Brussels a 1890 ma ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar irin waɗannan da ake ɗura wa albarushi ta baki.

Duba gindin bututun, kusa da kunama. In ka ga haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, hatimin gwajin Liège ne, wato shaidar an gwada ƙarfin bututun a can. Birmingham kuwa tun 1813 take da gidan gwajinta. Sai dai hatimi bututu kaɗai yake shaida: maƙeranmu kan sake ƙota, su ɗaure da tagulla ko fata, har da laya. Don haka bindiga ɗaya kan haɗa hannu biyu.

Don Allah kada a goge tsatsar da yashi, hatimin ne zai tafi.