Farautar Fezan da Kare a Amurka

Farautar fezan, wani tsuntsun daji ɗan uwan kaza, da kare farauta ce ta ƙafa. Maharbi yana ratsa ciyawa da gefen gonaki riƙe da bindiga, karensa na gaba yana neman tsuntsun da hanci. In kare ya gano shi, ko dai ya tashe shi sama, ko kuma ya tsaya cik ya nuna inda ya laɓe, maharbi kuwa ba ya harbi sai tsuntsun ya bar ƙasa. An fi yin ta a filayen tsakiyar Amurka, a jihohin Dakota ta Kudu, Dakota ta Arewa, Nebraska, Kansas, Iowa, Minnesota da Montana, daga tsakiyar kaka zuwa cikin hunturu. Abin da ake nufi a nan shi ne tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a daji ya girma a daji, ban da wanda aka kiwata a akurki aka sako domin a harbe.

Tsuntsun da asalinsa

Fezan ɗan uwan kaza ne, dangi ɗaya da fakara da ɗawisu. Masana suna kiransa Phasianus colchicus, sunan da ya fito daga kogin Phasis na tsohuwar ƙasar Colchis, wato kogin Rioni da ke Jojiya a yau. Asalinsa Asiya, tun daga gaɓar Bahar Aswad har ƙasar Sin da Koriya. Zakaran yana da kai kore mai sheƙi, jan fata a fuska, farin zobe a wuya, ƙirji ruwan tagulla, da dogon bindi mai ratsi-ratsi. Nauyinsa yakan ɗan haura kilo 1. Kazar ba ta kai shi girma ba, launinta na busasshiyar ciyawa ne, in ta kwanta a ƙasa mutum zai iya wucewa ta gefenta bai gan ta ba.

Fezan baƙo ne a Amurka. Owen Denny, ƙaramin jakadan Amurka a birnin Shanghai, shi ne ya aika da su jihar Oregon a 1881 da 1882, suka kama ƙasa a kwarin Willamette, har aka buɗe farautarsu a can a 1892. A Dakota ta Kudu an saki wasu kusa da garin Redfield a 1908, aka yi farautar farko a gundumar Spink a 1919, ta kwana ɗaya rak. Cikin 'yan shekaru tsuntsun ya cika jihar, kuma a 1943 aka naɗa shi tsuntsun jiha. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matan garin Aberdeen sun riƙa ciyar da sojojin da ke wucewa ta tashar jirgin ƙasa da burodi mai naman fezan, manoma da maharba na kawo musu tsuntsayen kyauta.

Halin da ya sa sai da kare

Duk dabarar wannan farauta ta taso ne daga hali guda na fezan: ya fi yarda da ƙafarsa a kan fukafukinsa. In ya ji motsi ba ya tashi. Sai ya sunkuyar da kai ya sulale ta ƙarƙashin ciyawa, ya yi gaba, ya karkata, wani lokaci ya zagayo ta bayan maharbin ya yi luf har a wuce shi. Mutumin da ba shi da kare zai iya yini a fili mai cike da fezan ya koma gida yana rantsuwa babu ko ɗaya. Sai an ƙure shi, ko ciyawa ta ƙare a gabansa, sannan yake tashi, kuma tashin nasa na razana mutum ne: fukafukai na kaɗawa da ƙarfi, zakaran na ƙyarƙyara, dogon bindi na bin sa a baya. Sabon maharbi yakan daskare a wannan lokaci, kafin ya ɗaga bindiga tsuntsun ya yi nisa.

A nan farautar ta bambanta da wadda aka sani a ƙasar Hausa lokacin rani, inda ake sakin karnuka su bi zomo ko gafiya su kama da kansu. Karen tsuntsu ba a son ya kama. Aikinsa uku ne: ya nemo, ya gabatar da tsuntsun a inda bindiga za ta kai, sannan ya ɗauko shi bayan harbi ya kawo hannun ubangidansa.

Karnuka iri biyu

Kashi na farko su ne masu tashi. A cikinsu akwai sifaniyel na Ingila, musamman wanda ake kira sifringa, da kuma Labrado, wanda asalinsa karen ɗauko agwagwa ne daga ruwa amma ya zama ɗaya daga cikin karnukan da aka fi gani a filin fezan. Irin wannan kare yana kai da komo a gaban maharbi, dama da hagu, ba ya wuce mita 20 zuwa 25. In ya shaƙi warin tsuntsu jikinsa kan nuna: wutsiya ta shiga kaɗawa da sauri, hanci ya koma ƙasa, tafiyar ta zama ta gaggawa. Maharbin da ya san karensa, da ya ga haka sai ya gyara riƙon bindiga ya ƙara sauri, don kare zai kutsa ya tashi tsuntsun ba tare da jira ba. Aibin wannan kashi shi ne kare ya bi sawun zakara mai gudu ya tashe shi can nesa. Shi ya sa ake koya masa ya zauna nan take in ya ji busar usur guda.

Kashi na biyu su ne masu nuni: foyinta na Jamus mai gajeren gashi da mai kaushin gashi, seta da foyinta na Ingila, Biritani na Faransa, da Vizsla na Hangari. Waɗannan suna yin nisa, su share fili mai faɗi da kai a sama suna shan iska. Da wari ya buge su sai su ƙame kamar an dasa su, wuya a miƙe, wutsiya a sandare, sau da yawa ƙafar gaba ɗaya a ɗage. Maharbi ya tako ya wuce ta gaban kare, ya tashi tsuntsun da ƙafarsa. Saboda nisan da suke yi, a da ƙararrawa ake ɗaura musu a wuya, in ta yi shiru an san kare ya tsaya kan tsuntsu. Yanzu da yawa suna sa abin wuya mai GPS.

Matsalar ita ce fezan ba ya mutunta nuni. Kare zai ƙame a kan wari, tsuntsun kuwa tuni ya zare jiki ya yi gaba. Ƙwararren kare yakan gane wari ya yi sanyi, ya saki nunin, ya lallaɓa gaba, ya sake ƙamewa, sau uku sau huɗu, har ya ƙure zakaran a inda ba shi da mafita. Akwai tsofaffin karnuka da kan fita daga sawun su yi da'ira su tare tsuntsun ta gaba, ya zama yana tsakanin kare da maharbi. Ba a koyar da wannan a farfajiyar gida. Tsuntsayen daji ne ke koya wa kare, bayan ɗaruruwa sun kuɓuce masa.

Maharba sun daɗe suna gardama kan wane kashi ya fi. Amsar ta dogara ga wurin. A fadama mai kacalla, irin kacallar da ta cika fadamun Haɗeja, inda mutum ba ya ganin karensa ko da taku biyar ne, mai tashi ya fi amfani. A buɗaɗɗen fili mai ciyawa iya gwiwa, inda mutum ɗaya ba zai iya taka ko'ina ba, mai nuni ne ke da ranarsa.

Horo

Ana fara sabar da ɗan kwikwiyo da tsuntsu tun yana 'yan watanni, galibi da tantabaru. Ƙarar bindiga ita ce abin da ake lallaɓawa. Ana fara harbi daga nesa a daidai lokacin da hankalinsa ke kan tsuntsu, sannan a riƙa matsowa kaɗan-kaɗan, har ya haɗa ƙarar da abin da yake so. Karen da aka firgita da bindiga tun farko da wuya ya warke. Ana kuma neman abin da maharba ke kira baki mai taushi, wato ya ɗauko tsuntsu ba tare da ya tauna shi ba. Ƙungiyar NAVHDA ta masu karnukan farauta a Arewacin Amurka, wadda aka kafa a 1969, tana gwada karnuka masu nuni a kan nema, nuni, bin sawu da ɗaukowa a tudu da ruwa.

Yadda ranar farauta take

Iska ce ke tsara tafiya. Ana shiga fili ana fuskantar ta, domin ta kawo wari hancin kare. Ranar da ke da sanyi da ɗan laima da iska mai sauƙi ita ce ta kare. Ranar zafi da ƙura wari ba ya zama. Fezan yana kwana a ciyawa mai kauri, da safe ya fita kiwo gonakin masara, dawa ko waken soya, da rana ya fake a gefe, da yamma ya koma makwanci. Don haka iyakar da ke tsakanin gona da ciyawa ita ce wurin nema, sa'ar ƙarshe kafin faɗuwar rana kuma ita ce mafi albarka.

In taro ne, wasu kan jera su taka gonar daga wannan kai, wasu su tsaya a ɗaya kan su tare. Tsuntsayen na gudu gaba har su iske masu tarewa, sai su fashe sama gaba ɗaya. A nan ake jin ihun da kowa ya sani a filin: in mace ce ta tashi a ce "kaza ce!" don kada kowa ya harba, in namiji ne a ce "zakara!". Ana sa hula da riga ruwan lemo mai haske don a ga juna, kuma ba a harbin tsuntsun da ya tashi ƙasa-ƙasa, saboda kare ko mutum na iya kasancewa a bayansa. Bindigar ita ce mai watsa ƙananan ƙwayoyi, mai faɗin baki lamba 12 ko 20, da ƙwayoyi masu lamba 4, 5 ko 6. A wasu filayen gwamnati an hana ƙwayar dalma, sai ta ƙarfe ko makamanciyarta.

Zuwa Disamba, zakarun da suka rage sun sha harbi sun yi wayo. Ƙarar rufe ƙofar mota kaɗai ta isa ta tashe su daga ɗaya ƙarshen filin. Maharbin ƙarshen kaka yakan ajiye mota nesa, ya daina magana, ya bar usur a aljihu, ya bi karensa shiru cikin dusar ƙanƙara.

Bayan harbi ne darajar kare ta fi fitowa. Zakaran da aka karya wa fiffike yana faɗowa ƙasa da gudu, kafin mutum ya isa wurin ya yi nisa cikin ciyawa. Ba tare da kare ba, yawancin irin waɗannan sun ɓace ke nan, su je su mutu a banza. Kare yakan ɗora hanci a inda ya faɗi, ya bi sawu, wani lokaci ya ɓace minti biyar ko goma, sannan ya ɓullo da tsuntsun a baki. Ko don wannan kaɗai, bai kamata mutum ya shiga ciyawa mai kauri da bindiga ba kare ba.

Shi ma karen yana da haƙƙi. Zafin farkon kaka ya sha kashe karnukan da suka yi rani a kwance aka fito da su rana ɗaya, domin kare mai son aiki ba ya tsayawa da kansa sai ya faɗi. Ana ɗaukar masa ruwa, ana hutar da shi. Wayar shinge mai ƙaya tana yanka ƙirji, beguwa tana cika fuska da ƙaya, tsinin 'ya'yan ciyawa kan shige kunne ko tsakanin yatsu ya yi ta nutsewa cikin nama. Da yamma akan duba ido, kunne da tafin ƙafa kafin a ba shi abinci.

Doka

Zakara kaɗai ake harbi a yawancin jihohi. Dalilin yana cikin rayuwar tsuntsun: zakara ɗaya yana tara kaji da yawa, saboda haka rage zakaru a kaka ba ya rage yawan ƙwan da za a yi a bazara. A Dakota ta Kudu ana buɗe babbar farauta ranar Asabar ta uku ga Oktoba, a rufe a ƙarshen Janairu. Ana fara harbi da ƙarfe 10 na safe zuwa faɗuwar rana, kuma mutum ba ya wuce zakara 3 a yini. In an fige ko an feɗe, dole a bar kai, ko fiffike, ko ƙafa a jiki, don jami'i ya tabbatar namiji ne. Ƙaimin ƙafa shi ne shaida. Yawancin ƙasar ta manoma ce, sai da izini ake shiga, amma jihar tana biyan wasu masu gonaki su buɗe filayensu ga kowa ya shiga da ƙafa. Kuɗin kula da namun daji na fitowa daga lasisi da kuma harajin kashi 11 cikin 100 kan bindigogin farauta da harsashi, bisa dokar Pittman-Robertson ta 1937.

A Birtaniya salon daban ne. Ana kiwon miliyoyin fezan a sake su kowace shekara, masu kora su taso su zuwa kan maharban da ke tsaye a layi, karnuka kuma su tsinto. Lokacinta daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu.

Ciyawa

Yawan fezan na daji ba ya bin yawan harbi, yana bin ciyawa da yanayi. Kazar tana sheƙa a ƙasa, ta saka ƙwai wajen 10 zuwa 12, ta kwanta a kai kimanin kwana 23. Yawancin ƙyanƙyasa a watan Yuni ake yi, daidai lokacin da injin yankan harawa ke shiga gona, kuma yakan haɗa da sheƙa da uwar. 'Yan tsakin a makonnin farko ƙwari suke ci, ruwan sama mai sanyi na kashe su. Da hunturu kuma, in babu fadama ko jerin itatuwa da za su fake, guguwar ƙanƙara na iya share su a dare ɗaya.

Tarihin yawansu ya bi tarihin dokokin noma. Shirin Soil Bank na 1956 ya biya manoma su bar wasu gonaki su huta a ƙarƙashin ciyawa, tsuntsaye suka yawaita. Da shirin ya ƙare aka sake nome filayen, suka ragu. Ganin haka wasu maharba suka kafa ƙungiyar Pheasants Forever a birnin Saint Paul na Minnesota a 1982, wadda rassanta ke kashe kuɗin da suka tara a kan shuka ciyawa da itatuwa a yankunansu. A 1985 aka kawo shirin CRP, wanda shi ma ke biyan manoma su bar gonaki a ƙarƙashin ciyawa, bisa yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15. Ya kai ƙololuwa a 2007 da eka miliyan 36.8, kuma a wannan shekarar maharba a Dakota ta Kudu sun ɗauki zakaru sama da miliyan 2. Daga nan farashin masara ya tashi, manoma da yawa suka mayar da ciyawar gona. A Iowa, inda a shekarun 1990 akan harbi sama da miliyan 1 a kaka guda, raguwar ciyawa ta haɗu da hunturu masu tsanani da bazara mai yawan ruwa a jere, har adadin ya faɗo zuwa kimanin 109,000 a 2011.