Jenerik a Harshen Go

Jenerik dabara ce a harsunan rubuta manhajar kwamfuta wadda ke ba mutum damar rubuta aiki sau ɗaya ya yi amfani da shi a kan nau'o'in bayanai daban-daban, ko lambobi ko kalmomi ko wani abu dabam. Dabarar ba sabuwa ba ce. Harsunan ML da CLU sun zo da ita tun shekarun 1970, Java ya karɓe ta a 2004, C# kuma a 2005. Amma a harshen Go ne aka fi kai ruwa rana a kanta.

Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson ne suka fara ƙera Go a kamfanin Google a 2007, aka fito da shi fili a Nuwamba 2009. Da gangan suka bar jenerik a waje, domin burinsu harshe mai sauƙin karantawa da saurin harhaɗawa, wato mayar da rubutun zuwa manhajar da kwamfuta za ta iya gudanarwa. A 2009 Russ Cox, ɗaya daga cikin masu aikin gina Go, ya bayyana tsaka mai wuyar da ake ciki: ko a wahalar da mai rubutu kamar a C, ko harhaɗawa ta yi nawa manhaja ta kumbura kamar a C++, ko kuma manhajar ta rage gudu kamar a Java.

Masu cewa babu buƙata suna da hujja mai ƙarfi. Wanda ke son tsamo lambobin da suka haura goma daga cikin jeri zai rubuta madaukin for (umarnin da ke maimaita aiki a kan kowane abu na jerin) mai layi huɗu ko biyar, kowa ya duba ya gane. Pike da kansa ya taɓa rubuta ƙaramin ƙunshin ayyuka na tace jeri, daga baya ya bayyana cewa bai taɓa amfani da shi ba, madaukin for ya ishe shi.

Sai dai madauki maimaita aiki kawai yake yi, bai warware matsalar nau'i ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Kafin zuwan jenerik, wanda ya rubuta aikin nemo ƙaramar lamba ga int (cikakkun lambobi) dole ya sake rubuta shi ga float64 (lambobi masu ɗigo). Mai gina bishiyar bayanai ko layin jira ya fi shan wahala: ko ya kwafi rubutun ga kowane nau'i, ko ya sa umarnin go generate ya haifo masa kwafe-kwafen, ko ya fake da interface{} wanda ke karɓar komai. Hanya ta ƙarshe ta fi haɗari, don idan aka jefa kalma inda ake jiran lamba, ba za a gane ba sai manhajar ta faɗi tana tsakiyar aiki. Abin da ya ƙara ɓata wa mutane rai shi ne, slice (jeri) da map (ma'ajiyar da ke haɗa kowane bayani da mabuɗinsa) na cikin harshen suna karɓar kowane nau'i tun farko, gatan da aka hana sauran masu rubutu.

An gabatar da wani daftarin shigar da jenerik cikin Go a 2018, Ian Lance Taylor, shi ma mai aikin gina Go, da Griesemer suka sauƙaƙa shi a 2020, aka amince a farkon 2021. Jenerik ya iso da Go 1.18 a Maris 2022. Yanzu ana iya rubuta func Karami[T cmp.Ordered](a, b T) T, inda T ke riƙe gurbin duk nau'in da ake iya jerawa daga ƙarami zuwa babba, kuma ana kama kuskuren nau'i tun wajen harhaɗawa.

Go 1.21 na Agusta 2023 ya kawo ƙunshin slices da maps da cmp, waɗanda aka gina a kan jenerik. Da slices.Contains ake duba ko wani abu na cikin jeri, aikin da a da kowa ke rubuta wa nasa madaukin.